Ranar Kashe Kuraizu

Salwa ta sake kashe Kuraizu, ta karanta yadda ya mutu, ta ja tsaki ta goge. Tun da ta karya kumallo take kashe mutumin nan a kwamfutarta, amma ya ƙi yin mutuwa mai kyau. Ta soke shi da mashi, abin bai yi armashi ba. Ta jefo shi daga kan ganuwa, ita kanta sai da ta yi dariya.

Wayarta kuwa ba ta daina ƙugi a kan gado ba. Mutanen zaurenta na Watsaf ne, masu bin littafinta na yaƙi, Ƙofar Tamraz, babi-babi tun bara. A ranakun aiki Salwa malamar lissafi ce marar hayaniya a wata makarantar kuɗi, amma a zauren nan birni guda gare ta, da dakarunsa da bokayensa. Ta yi alkawarin yau Asabar za ta saki babin ƙarshe, kuma masu karatu abu ɗaya suke jira, wato kan Kuraizu. Shi ne barden da ya koya wa Gimbiya Nuwaira riƙon takobi tun tana yarinya. Daga baya ya sha ruwan wata rijiya da boka ya tsafe, ƙishirwa ta kama shi irin wadda ba ta yankewa, har ya buɗe wa maƙiya ƙofar birni don a ƙara masa ƙoƙo guda. Bai dawo hayyacinsa ba sai da rabin gari ya ci wuta.

Khadija, mai kula da zauren, ta turo saƙo: "Wallahi Anti Salwa, in kika bar mutumin nan da rai fita zan yi daga guruf ɗin, kuma kin san ni ce admin."

Salwa ta kife wayar ta ɗaga labule. Gidansu tsohon gini ne irin na Nassarawa GRA, fili ya fi ɗakuna yawa. A can baya, ƙarƙashin mangwaro, Yaya Maharazu yana kwashe kayansa daga igiyar shanya yana ninkewa. Abin da ya sa take ta ɓuya a cikin rubutu don kada ta tuna ya dawo mata. Yau da yamma zai hau motar Legas.

Maharazu ɗan Gwaggo Fatsuma ne, yayar Abbanta, kuma a gidan nan ya tashi. Injiniya ne mai rufin asiri kafin hatsarin mota ya kwantar da shi. Ƙafa ta warke, allurar kashe zafi ta ƙi sakinsa. Aiki ya tafi, matarsa ta tafi, awarwaron gwal ɗin da Gwaggo ta gada wurin mahaifiyarta su ma suka bi sahu. Ya yi watanni a wata cibiyar kula da masu shaye-shaye, ya dawo kafin azumi tsaf da shi, sai rama da yawan shiru. Yanzu kuma Ashiru, wanda suka yi waccan rayuwar tare, ya kira shi Legas wai ya samo masa aiki. Likita ya ce kada ya yi nisa da gida. Kafin Abba ya wuce Abuja ya yi masa magana, Maharazu ya ce to, amma bai fasa haɗa kaya ba. Kowa a gidan ya san idan ya koma hannun Ashiru, sake samunsa sai wani ikon Allah.

Ta ɗauki kwamfutar ta fita.

"Salamu alaikum, mai gudun gida."

"Wa alaikumus salam, mai kashe bayin Allah da ɗan yatsa. An gama da shi?"

Taubasai ne, ɗan mace da 'yar namiji, don haka tsokana a tsakaninsu gado ce. Ta ajiye masa kwamfutar a kan benci.

"Ya ƙi mutuwa, Yaya. Kai ka jefa ni cikin harkar nan, sai ka fitar da ni kafin ka gudu."

Ba ƙarya ta yi ba. Shi ne mai sayo littattafan yaƙi a bakin kasuwar Sabon Gari lokacin tana firamare, ya tara su a gindin mangwaron nan yana karantawa, yana sauya murya daga ta sarki zuwa ta aljani har ƙannenta su ruga cikin gida da gudu. Labarin farko da ta taɓa rubutawa ma shi ya karanta, ya ce mata babu daɗi, ta sake wani. Ta yi kuka, ta sake, kuma tun daga ranar ba ta daina ba.

Ya goge hannu a jikin rigarsa ya zauna. Bai yi nisa da karatu ba ya ɗago.

"Wannan dokin naki tun asuba yake sukuwa har magariba. Fetur yake sha?"

"Dokin aljanu ne."

"Ko na aljanu ne yana da huhu. Ga wannan kuma, an sare shi a cinya ya tsaya yana jawabi shafi biyu. Wanda aka sara ba ya jawabi, Salwa, numfashi yake nema."

Kafin ta ankara ya miƙe ya ɗauki sandar tsintsiyar share ganye, yana nuna mata yadda mai garkuwa yake juya kafaɗa. Ya kai sara, ya goce, ya kusa faɗawa cikin bokitin wanki. Ta yi dariya har da riƙe ciki, shi ma ya yi. Rabonta da ganin haƙoransa haka ta manta, daɗi ya cika ta har ta ji kamar ta yi ihu.

Sai ya jingine sandar, ya zauna yana haki.

"Kin san me ya sa ya ƙi mutuwa? Ba a fagen fama ajalinsa yake ba. Mutum irin wannan ba takobi yake tsoro ba, idon mutanen gari yake tsoro. Rubuta."

Ya dinga faɗa tana bugawa. Kuraizu ya shigo fada da ƙafarsa, ba wanda ya kamo shi. Ya kwance takobinsa ya ajiye a gaban gimbiyar da ya yi renonta. Bai nemi afuwa ba, abu ɗaya ya roƙa, a buɗe masa ƙofar yamma ya shiga Hamadar Gishiri, inda ba a taɓa jin wanda ya shiga ya dawo ba. Aka buɗe. Ya bi ta tsakiyar jama'a yana tafiya a hankali ko wani zai kira sunansa, ba wanda ya kira.

Duk littafin babu shafi mai kyan wannan, Salwa ta sani. Tana cikin bugawa yatsunta suka tsaya. Gaskiyar magana, har Lami mai girki ta daɗe da gane wanda Kuraizu ya ɗebo, marubuciyar ce ta ƙarshen ganewa. Kunya da tausayi suka rufe ta lokaci guda.

"Yaya, wallahi ban yi da kai ba."

"Na sani. Shi ya sa ya yi kyau."

"To kada ka tafi."

Ya ɗauki wata riga ya shiga ninke ta, alhali a ninke take.

"Tun da na dawo, in na durƙusa na gaishe da Gwaggo, 'lafiya lau' kawai take cewa ta kau da kai."

"Yo da can me take ce maka? Kai ne fa ɗan fari."

"Da can na san kunya ce. Yanzu ban san ko mece ce ba. Ba zan iya zama ina kallon ƙeyarta kullum ina tuna abin da na yi mata ba."

Gwaggo mutuniyar zamanin da ce ta gaske. Tun da ta haifi Maharazu ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai "wancan" ko "yaron nan". Ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa a gaban mutane. Haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin, haka ita ma ta tashi ta gani. Shekara da shekaru abin bai dami kowa ba, sai yanzu da shirun ya yi kama da fushi.

Salwa ta sami Gwaggo a kicin ta kori Lami gefe, tana juya dambun nama a katuwar tukunya, gumi yana bin wuyanta.

"Gwaggo, wannan uban dambu na wane ne?"

"Na mai ci."

"Gwaggo, don Allah ki ce masa kada ya tafi. Ke kaɗai zai ji."

"Miƙo min gishiri."

"Gwaggo!"

"Ke 'yar nan, ba ki da ta-ido ne? Ni zan tsaya gaban yaron nan ina... Kayya. Miƙo min gishiri na ce." Ta karɓa ta barbaɗa. "Kin gama ƙaryar taki ta yau? Kada ki kuskura ki tura wa mutanen waya ban ji ba."

Wannan doka ce a gidan. Da Salwa ta fara littafin, Gwaggo cewa ta yi ɓata lokaci ne da zunubin ƙarya. Sai wata rana ta ji babi ɗaya bisa tsautsayi, shi ke nan. Tun daga nan ba a sakin babi sai an karanta mata a baranda bayan azahar. Tana zagin boka, tana yi wa gimbiya addu'ar samun miji nagari, ranar da aka kashe wani tsohon maƙeri kuwa ko tuwon dare ba ta ci ba.

Bayan azahar aka shimfiɗa darduma a baranda. Gwaggo ta miƙe ƙafa da carbinta, Lami ta raɓe a bakin ƙofa da tiren tsintar shinkafa. Salwa ta fara ke nan sai ga Maharazu cikin shiri, Bala direba ya riga ya sa jakarsa a mota. Ya durƙusa a kan matakala, nesa da dardumar.

"Gwaggo, zan wuce. A yafe mini."

Gwaggo ta dubi Salwa. "Ki ce wa mutane ana karatu. Mai sallama ya jira a kai aya."

Ya gyara durƙuso ya zauna. Salwa ta shiga karanta gwabzawar ƙarshe a bakin ganuwa, da 'yar muryarta ta koyar da lissafi. Da gangan ta ƙara siranta ta. Ta karanta kirarin sarkin yaƙi kamar mai kiran sunayen 'yan aji, tana satar kallonsa. Ya runtse ido, ya sosa ƙeya, ya yi haƙuri iya haƙuri.

"Subhanallahi. Salwa, yaƙi ake ko rabon alawa? Kawo nan."

Ya karɓi kwamfutar ya ɗora a gwiwa, ya yi gyaran murya. Da ya saki kirarin, sai da kurciyoyin kan mangwaro suka tashi. Muryar nan tana nan yadda take, ba abin da allura ta rage mata. Dawakai suka yi haniniya a barandar, boka ya yi dariyar mugunta, Lami ta saki baki shinkafa tana zubewa. Bala ya baro mota ya matso. Gwaggo tana kallon bango, amma carbin ya daina tafiya.

Ya iso shafin da ya faɗa da bakinsa. Muryar ta sauka. Kuraizu ya ajiye takobi, aka buɗe ƙofar yamma, ya bi ta tsakiyar jama'a.

"Dakata," in ji Gwaggo.

Ba shi ta kalla ba. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci Salwa.

"Ke, wa kika shawarta?"

"Masu karatu ne suka..."

"Masu karatu su suka haife shi? Tun bara nake jin labarin nan, an faɗi sunan dokinsa, an faɗi sunan takobinsa. Shi mutumin nan daga sama ya faɗo? Ba shi da uwa?"

"Ban rubuta masa uwa ba, Gwaggo."

"To rubuta. Yanzun nan."

Kwamfuta tana hannun Maharazu, don haka Salwa ta jawo wayarta. Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta kafa wa Salwa ido kamar babu kowa a barandar sai su biyu.

"Ki ce tana cikin taron nan, a baya, inda ba a ganinta. Ki ce tun da ya dawo garin, duk ƙwaryar abincin da ake kai masa ita take dafawa, ta ba wata ta miƙa. Ki ce kullum da asuba tana jin fitarsa masallaci, ba ta komawa barci sai ta ji dawowarsa."

"Gwaggo, a Tamraz babu masallaci," in ji Salwa a hankali.

"Ki gina. Ba ke ce mai garin ba?"

Lami ta toshe baki da gefen zani. Maharazu bai yi dariya ba, kansa yana ƙasa.

"Ki ce duk barden da ke garin nan da mutane yake yaƙi, a gama a yi masa kiɗa. Shi kuwa da ƙishirwarsa yake yi, kullum, shi kaɗai a ɗaki, ba mai buga masa ganga. Ki ce ta gani. Ta ga ranar da ya fita har bakin titi ya tsaya, ya daɗe, ya juyo ya dawo. Ranar ba ta iya cin abinci ba don murna."

Maharazu ya ɗago. Shi ma ba ita ya kalla ba, Salwa ya kalla.

"Ki tambaye ta," ya ce, muryarsa ta dushe, "abin da ya ɗauka fa? Abin da ba zai taɓa iya mayarwa ba?"

Salwa ta juya. "Wai abin da ya..."

"Na ji, ba kurma ba ce ni. Ki gaya masa ƙarfe ne. Ja ne dai, amma ƙarfe ne. Wadda ta bar min su ma ba ta tafi da su ba."

Ba wanda ya gyara mata wannan "min" ɗin. Salwa ta juya wurinsa, ta buɗe baki za ta isar da saƙo, ta ga babu buƙata. Mutum biyu ne da taku kaɗan a tsakaninsu, ita kuma a tsakiya wuyanta har ya fara ciwo.

"Ki tambaye ta, me ya sa ba ta taɓa faɗa ba?"

"Oh ni Fatsuma! Ki gaya masa ba a koya mata ba. Bakinta ba ya iyawa, ko ta ɗauko maganar a nan take tsayawa." Ta dafa maƙogwaronta. "Amma ki rubuta, ki rubuta da kyau yadda mutanen wayar za su gani. Ta yafe tun kafin a nema. Kuma idan ya sa ƙafa ya fita ta ƙofar nan, to gawa biyu za a yi, don ba za ta ƙara moruwa ba."

Ta ja gefen mayafi ta share ido da ƙarfi, kamar idon ne ya yi mata laifi. Salwa ta daɗe da daina bugawa, hawaye take yi a fili ba ta damu ba. Wayar tana ta ƙugi a hannunta, Khadija da jama'arta suna tambayar ko an kashe.

Bala ya yi gyaran murya daga ƙasan matakala. "Yallaɓai, in za mu samu motar nan sai mu kama hanya, kada cunkoson Sabon Gari ya riƙe mu."

Gwaggo ta koma kallon bangonta, ta damƙe carbi a tafin hannu. Maharazu ya dubi shafin da ke gabansa, inda Kuraizu yake tsaye a bakin ƙofar yamma. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa yatsa a kan maɓallin gogewa ya danne, layukan suka dinga janyewa ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya! Shafin da ya fi kowanne kyau!"

"Za mu yi wanda ya fi shi. Amma ki sani, ba za a mayar masa da takobi ba. Ɗiban ruwa zai yi wa masu gyaran ganuwa, yana ji ana zaginsa, ya daure. Wannan kuwa ba aikin babi ɗaya ba ne, littafi na biyu ne." Ya juya. "Bala, sauke jakar nan, ka je ka huta."

Lami ta saki guɗa, ta tuna inda take, ta katse ta a tsakiya. Bala ya tafi yana washe baki. Salwa ta rasa abin yi don murna, sai ta rubuta wa zaure cewa babin ƙarshe ba na ƙarshe ba ne, kuma Kuraizu yana nan da ransa. Kafin ta ajiye wayar saƙonni sun fara zubowa, na Khadija a kan gaba, da manyan baƙaƙe.

"Lami," in ji Gwaggo, muryarta ta koma daidai kamar ba a yi komai ba, "ɗebo dambun nan a faranti. Mai karatu ya sha surutu, a ba shi ya ci."

Sannan ta tanƙwashe ƙafafunta, ta ja su gefe, rabin dardumar ya zama fili. Ba ta kalli kowa ba. Maharazu ya dubi wurin. Ya cire takalmi, ya hau matakalar, ya zauna a bakin dardumar a ɗarare kamar baƙo.

"Ke," Gwaggo ta ce da Salwa, "ki ce masa ya ci gaba daga inda ya tsaya."

"Gwaggo, ai babu gaba. Ba a rubuta ba tukuna."

"To zaman me kuke yi?"